Ciwon Yana Hannu, Haɗarin Yana Huhu

A shekarar 1972, wani likita ɗan Amurka mai suna Gordon Sharp da abokan aikinsa suka wallafa rahoto kan majinyata 25 da suka ƙi shiga kowane babi na littafin likitanci. Kowannensu yana ɗauke da alamomin cututtuka biyu ko uku waɗanda aka saba koyar da su daban-daban: ciwon gaɓɓai da zazzaɓi irin na cutar lufus, kumburin yatsu da taurin fata irin na sikileroderma, da raunin jiki irin na cutar kumburin tsoka. Abin da ya haɗa su kaf shi ne jininsu, domin a cikinsa an sami wani makami na garkuwar jiki, mai yawan gaske, wanda ke kai hari ga wani sinadari da ke can cikin cibiyar ƙwayar halittar mai shi. Sharp ya yanke cewa wannan cuta ce mai zaman kanta. Ya raɗa mata suna mai ma'anar gaurayayyiyar cutar naman haɗi, wanda likitoci ke taƙaitawa da haruffan MCTD. A wasu ƙasashen Turai kuwa, ciwon Sharp ake ce mata.

Rahoton ya zo da albishir. An ce cutar mai sauƙi ce, tana jin maganin sitiroyid, kuma ba ta cika lalata ƙoda ba kamar yadda lufus ke yi. Sai dai a shekarar 1980, da aka koma aka bi sawun waɗancan majinyata na farko, labarin ya sauya: wasu sun rasu, da dama kuma kumburin ya lafa musu amma jikinsu ya karkata zuwa sikileroderma. Tun daga lokacin aka buɗe gardamar da har yau ba a rufe ba: shin MCTD cuta ce ta kanta, ko kuwa zango ne da majinyaci ke yadawa a kan hanyarsa ta zuwa wata cutar?

Gardamar tana da armashi a zauren taron masana. Amma ga matar da yatsunta suka kumbura har zobe ya daina shiga, amfanin wannan suna guda ɗaya ne: yana nuna wa likita inda zai riƙa dubawa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Idan sunan MCTD ya ja likita da majinyaci zuwa duban huhu da zuciya a kai a kai, tun kafin numfashi ya fara gajarta, ya yi aikinsa. Idan kuwa ya tsaya a kan katin asibiti tare da tsohon albishirin nan na cewa cutar ba ta da tsanani, to ya zama abin sa barci a lokacin da ya kamata a zauna a farke.

Garkuwar da ta juya wa gida

Naman haɗi shi ne abin da ke riƙe sassan jiki wuri guda, kamar yadda laka ke riƙe tubala a ginin ƙasa. Yana ƙarƙashin fata, yana cikin gaɓɓai, yana jikin bangon jijiyoyin jini, yana tsakanin 'yan jakunkunan iska na huhu. Tun da babu inda ba ya nan, cutar da ta kama shi tana iya ɓullowa ta ko'ina, shi ya sa majinyaci ɗaya kan zagaya wurin likitan fata, da na ƙashi, da na ƙirji, kowanne yana ganin nasa ɓangaren.

Tushen matsalar yana cikin garkuwar jiki. Aikinta shi ne ta gane baƙo ta yaƙe shi, ta ƙyale ɗan gida. Daga cikin makamanta akwai wasu furotin da ake kira antibodi, waɗanda kowanne an ƙera shi ne ya manne wa abu guda. A cutar MCTD, jiki yana ƙera antibodi masu yawa a kan wani abu nasa na kansa mai suna U1-RNP. Wannan abu ma'aikaci ne a cibiyar kusan kowace ƙwayar halitta. Idan ƙwaya za ta haɗa furotin, sai ta kwafo saƙo daga kundin gadonta, amma kwafin farko yakan fito da wasu sassa da dole a yanke a zubar, a ɗinke ragowar. U1-RNP shi ne mai nuna inda almakashi zai fara yanka.

Akwai abin lura a tarihin wannan ilimi. A shekarar 1979, a Jami'ar Yale, Joan Steitz da ɗalibinta Michael Lerner sun yi amfani da antibodi da aka samo daga jinin masu irin waɗannan cututtuka wajen zaƙulo waɗannan ma'aikata na cikin ƙwaya, har daga bisani aka gano aikinsu. Wato jinin majinyata ne ya buɗe wa masana ƙofar fahimtar ɗaya daga cikin manyan ayyukan rayuwa.

Gado yana da hannu a lamarin, domin an sami alaƙa tsakanin cutar da wani tambari na garkuwar jiki da ake kira HLA-DR4, amma ba a gadonta kai-tsaye kamar yadda ake gadon sikila. Ba kuma a ɗaukarta ta cuɗanya, ko abinci, ko auratayya. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, galibi daga ƙuruciya zuwa tsakiyar shekaru, ko da yake tana kama maza da yara. Ba ta da yawa: ƙidayar da aka yi a faɗin ƙasar Norwe, wadda aka wallafa a 2011, ta sami kimanin mutum 3.8 a cikin kowane baligi 100,000, mata sun ninka maza fiye da sau uku.

Alamomi masu zuwa ɗaya bayan ɗaya

Abin da ke wahalar da ganewa shi ne alamomin ba sa zuwa tare. Sukan jeru ne cikin watanni ko shekaru, kuma wadda ta fi yawan riga sauran ita ce alamar Raynaud, wadda ta samo suna daga likitan Faransa da ya bayyana ta a 1862. Idan sanyi ya taɓa hannu, ko rai ya ɓaci, ƙananan jijiyoyin jini na yatsu sai su tsuke. Yatsun su yi fari fat, sannan su yi shuɗi-shuɗi, daga baya jini ya dawo su yi ja da zugi. Kusan duk mai MCTD yana fama da wannan. Amma akwai mutane da yawa, musamman 'yan mata, da ke da alamar Raynaud ba tare da wata cuta a bayanta ba. Abin da ke ɗaga hankali shi ne idan ta fara a shekarun girma, ko ta zo da gyambo a kan yatsa, ko ta taho da rakiya.

Rakiyar farko ita ce kumburin hannu. Yatsu su yi suntum, bayan hannu ya cika, da safe a kasa dunƙule hannu. Sai ciwon gaɓɓai, wanda kan yi kama da amosanin gaɓɓai har gwajin jini na waccan cutar ya nuna alama a wurin majinyata da yawa. Sai raunin tsoka, wanda ya fi kama cinyoyi da kafaɗu: tashi daga tabarma ya zama aiki, hawan bene ya zama aiki, ɗaga hannu don taje kai ko ɗaura ɗankwali ya gagara. Bututun abinci ma yana iya yin sanyi wajen tura loma, sai ƙwannafi ya yawaita, abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji. Wasu sukan ji gefen fuskarsu ya mutu saboda jijiyar da ke kai ji ga fuska ta taɓu. Akwai zazzaɓi mara dalili, da kasala, da ƙarancin jini, da kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya.

Gwajin jini mataki biyu ne. Na farko, wanda ake kira ANA, yana nuna ko akwai antibodi masu kai hari ga cibiyar ƙwaya. A MCTD yakan fito da ƙarfi sosai, cikin siffar ɗigo-ɗigo. Na biyu yana tantance ko wane iri ne, kuma a nan ake neman na U1-RNP. Idan babu shi, babu MCTD. Amma samunsa kaɗai bai isa hujja ba, domin ana samunsa a wurin masu lufus da dama, kuma bincike ya nuna ya fi yawa a jinin masu lufus 'yan asalin Afirka fiye da Turawa. Saboda haka takardar gwaji ba ta yanke hukunci ita kaɗai, sai an haɗa ta da abin da ido ya gani da abin da hannu ya taɓa.

Gardamar suna

Masu shakkar cutar suna da hujjoji masu nauyi. Na farko, babu ma'auni guda da duniya ta amince da shi. Akwai aƙalla guda huɗu da suka shahara tun ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990: na Sharp kansa, na Alarcón-Segovia daga Meziko, na Kasukawa daga Japan, da na Kahn daga Faransa. Na Alarcón-Segovia, wanda ya fi sauƙin amfani, yana neman antibodin U1-RNP mai yawa tare da aƙalla uku daga cikin alamomi biyar: kumburin hannu, kumburin gaɓɓai, kumburin tsoka, alamar Raynaud, da taurin fatar yatsu. Mutum ɗaya yana iya cika sharuɗɗan wani ma'aunin ya kasa cika na wani. Na biyu, akwai majinyatan da bayan shekaru suke komawa masu lufus ko sikileroderma zalla. Masu shakka suka ce cutar da ke rikiɗa haka ba ta cancanci suna nata ba.

Sai dai bin sawu na tsawon lokaci bai goyi bayan wannan zargi gaba ɗaya ba. Wani nazari na cibiyoyin Turai da aka wallafa a 2012, kan majinyata 161, ya sami cewa bayan kusan shekara takwas fiye da rabinsu suna nan a matsayin masu MCTD, kimanin kashi 17 cikin 100 sun koma sikileroderma, kimanin kashi 9 sun koma lufus. A Norwe, inda aka bi majinyata 118 na tsawon shekaru, kimanin kashi 12 cikin 100 ne kawai suka sauya. Mafi yawa dai suna zama a inda aka same su.

Ko da an ajiye alƙaluma, akwai tambayar da ta fi amfani: shin sanin sunan yana sauya abin da likita zai yi? Amsar ita ce yana sauyawa. Mai MCTD bai cika fuskantar mummunar lalacewar ƙoda da ta ƙwaƙwalwa da ake jin tsoro a lufus ba, ko da yake ana ci gaba da duba fitsarinsa domin kariyar ba cikakkiya ba ce. Haɗarinsa ya fi karkata zuwa ƙirji. Sunan da ya iya gaya wa likita wace ƙofa ɓarawo ya fi shigowa ta ciki ya cancanci a riƙe shi, ko da masana ba su gama daidaita iyakokinsa ba. Ƙasar Japan ta ɗauki wannan matsayi a aikace, inda ta sanya cutar cikin jerin cututtuka masu wuyar magani da gwamnati ke tallafa wa jinyarsu, kuma masananta suka sabunta ma'aunin gano ta a 2019.

Abin da ke faruwa a ƙirji

Hanyoyi biyu cutar ke bi ta cutar da huhu. Ta farko ita ce kumburi da tabo a naman da ke tsakanin jakunkunan iska. Huhu lafiyayye laushi gare shi kamar soso; idan tabo ya yawaita sai ya yi tauri, iskar oksijin ta riƙa wahalar ratsawa zuwa jini. A nazarin Norwe, da aka ɗauki hoton ƙirjin majinyata da na'urar siti mai nuna daki-daki, kusan rabinsu an ga sauyi a huhunsu, kimanin ɗaya cikin uku kuma tabo ne sosai. Da yawa daga masu irin wannan sauyi ba sa jin komai a farko.

Hanya ta biyu ita ce hawan jinin huhu, kuma ita ce mafi tsanani. Wannan daban yake da hawan jinin da aka sani, kuma abin awon da ake ɗaurawa a dantse ba ya ganinsa. Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini zuwa huhu, ta jijiyoyi masu faɗi da laushi, da matsi ƙanƙane wanda a lafiyayyen mutum yake kusan 14 a ma'aunin milimita na zaiba. A MCTD bangon ƙananan jijiyoyin yana iya yin kauri, hanyar ta ƙuntata, matsin ya hau. Ƙa'idar likitocin Turai ta 2022 ta ɗauki abin da ya haura 20 a matsayin hawan jinin huhu. Ɓangaren dama na zuciya, wanda ba a halicce shi don aikin ƙarfi ba, sai ya yi ta faman turawa har ya buɗe ya gaji. Alamomin farko ba su da hayaniya: haki a kan tafiyar da a da ba ta sa haki, da gajiya. Kafin ƙafafu su kumbura ko a fara suma, ɓarnar ta yi nisa.

Yawan masu kamuwa da wannan ya bambanta daga nazari zuwa nazari. A Norwe bai kai kashi 4 cikin 100 ba, a manyan cibiyoyin da ake tura masu tsananin ciwo kuwa ya fi haka sosai. Amma a kan matsayinsa na babban mai kisa, shaidu sun daɗe suna haɗuwa. Ayarin Sharp kansa, a Jami'ar Missouri, ya wallafa a 1999 sakamakon bin majinyata 47 na tsawon shekaru: kashi 62 cikin 100 sun sami kyakkyawan ƙarshe, wasu ma cutar ta kwanta musu, amma a cikin waɗanda cutar ta kashe, hawan jinin huhu ne ya fi yawa.

A nan ne sunan ya fi nuna amfaninsa. Likitocin Faransa sun ruwaito a 2006 da 2008 cewa hawan jinin huhu na masu lufus da MCTD yana iya ja da baya idan aka ba da magungunan danne garkuwa masu ƙarfi, musamman idan an kama shi da wuri, alhali na masu sikileroderma bai ji wannan magani ba. Ke nan majinyata biyu da ke haki iri ɗaya suna iya buƙatar hanya daban-daban, kuma sunan cutar ne ke raba hanyar. Kayan binciken sanannu ne: hoton zuciya na eko, gwajin ƙarfin numfashi, da hoton siti idan an ga dalili. Tabbatarwa ta ƙarshe sai an zura siririn bututu ta jijiya zuwa zuciya an auna matsin kai-tsaye. Abin da ake buƙata shi ne a yi awon farko tun ranar da aka gano cutar, a kuma maimaita lokaci-lokaci, musamman ga wanda alamominsa suka yi kama da na sikileroderma, ko yana haki ko ba ya yi.

Tarkon sauƙin gaggawa

Babu maganin da ke kawar da MCTD, kuma saboda ƙarancin masu ita, ba a yi manyan gwaje-gwajen magani a kanta ita kaɗai ba. Likitoci suna aro ne daga abin da aka koya a lufus da sikileroderma da amosanin gaɓɓai, suna bin sashen da ya taɓu. Haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, yana taimaka wa gaɓɓai da fata, amma yana buƙatar duban ido lokaci-lokaci. Metotireksat yana aiki ga gaɓɓai da tsoka. Azatayofirin, maikofenolet da saikulofosfamaid ana kai su ga huhu da sauran wurare masu haɗari. Ga alamar Raynaud, ɗumama jiki da barin taba su ne gaba, sannan magani irin nifedifin mai buɗe jijiyoyi. Ga hawan jinin huhu akwai sildenafil da bosentan da danginsu.

Sai sitiroyid, wato su firedinisolon da deksametazon. Su ne suka ba Sharp ƙwarin gwiwar albishirinsa, domin cikin 'yan kwanaki kumburi yakan saɓe, zazzaɓi ya sauka, mutum ya miƙe. A hannun ƙwararre, da adadi da wa'adi, magani ne mai ceton rai. Amma sauƙin da yake kawowa yana iya zama mayafi. Hannu ya daina ciwo, majinyaci ya daina zuwa asibiti, jijiyoyin huhu kuwa suna can suna ƙuntata. Shan sa na tsawon lokaci yana jawo ciwon suga, hawan jini, zaizayar ƙashi, yanar ido, da saurin kamuwa da cututtuka. Ga wanda jikinsa ya karkata zuwa sikileroderma, adadi mai yawa yana iya tayar da rikicin ƙoda na farat ɗaya. Barinsa kwatsam bayan an daɗe ana sha shi ma haɗari ne.

Batun haihuwa yana buƙatar shiri, tun da mafi yawan majinyata mata ne masu shekarun ɗaukar ciki. Da yawansu suna haihuwa lafiya idan cikin ya zo a lokacin da cutar take kwance. Amma metotireksat, maikofenolet, saikulofosfamaid da bosentan suna iya lahanta ɗan tayi, don haka dole a sauya su tun kafin ciki, yayin da haidiroksikulorokwin da azatayofirin ake iya ci gaba da su ƙarƙashin kulawa. Ga mai hawan jinin huhu kuwa, ciki barazana ce ga ranta kai-tsaye. Wannan magana ce da ya wajaba miji da dangi su ji daga bakin likita, domin matar ita kaɗai ba za ta iya ɗaukar nauyin wannan shawara a gidan da ake ƙirga mata watanni ba.

Inda ba a nema, ba a gani

A shekarar 1968, wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya wallafa cewa cututtukan da garkuwa ke yaƙar jiki ba su da yawa a tsakanin 'yan Najeriya, ya kuma kawo hasashen cewa yawan zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka yana iya zama kariya. Wannan ra'ayi ya zauna a zukatan likitoci shekaru masu yawa. Daga baya, da aka sami ƙwararrun likitocin gaɓɓai da garkuwa a Legas da wasu biranen, rahotannin lufus da danginta suka fara fitowa a jere. Bugu da ƙari, a Amurka da Ingila an san cewa lufus ta fi kama baƙar fata, ta kuma fi yi musu tsanani.

A ƙasar Hausa akwai dalilai na musamman da ke sa cuta irin MCTD ta ɓuya. Littattafan likitanci sun siffanta alamar Raynaud da launuka uku da aka gani a farar fata. A baƙar fata sauyin ya fi fitowa a tafin hannu da ƙarƙashin farce, kuma abin da majinyaci zai faɗa shi ne yatsunsa suna mutuwa, suna zugi, idan ya taɓa ruwa da asubahin hunturu, ko ya riƙe ƙanƙara, ko ya daɗe a ofis mai na'urar sanyi. Kalmar da ke jiran wannan ƙorafi ita ce "sanyi", kalmar da ta haɗiye ciwuka barkatai har ta daina nuna komai. Zazzaɓin da ya ƙi tafiya yakan ci maganin maleriya da na taifod zagaye bayan zagaye. Ƙwannafi ya zama olsa. Tari da haki da inuwa a hoton ƙirji suna iya sa a fara maganin tarin fuka. Idan duk an gaji, sai zancen jifa ko iska ya shigo, ko kuma a ce matar son jiki ne da ita. A gefe guda, sitiroyid yana samuwa a kemis ba tare da takardar likita ba, har akwai masu shan sa don ƙiba.

Ko bayan an gano cutar, akwai matakin da bai kamata a tsallake ba a wannan yanki: gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B kafin a fara danne garkuwa, domin dukansu suna da yawa, kuma suna iya farkawa idan garkuwa ta yi rauni. Sannan ga kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita, kuma cutar da ake jinya har ƙarshen rayuwa tana cin dukiya a hankali. Masu shan haidiroksikulorokwin sun ɗanɗana wani abu makamancin haka a 2020, lokacin da aka yi ta yayata shi a matsayin maganin korona, ya yi wuyar samu, farashinsa ya tashi.

Mai hankali zai iya cewa ƙasar da ke fama da maleriya da mutuwar mata wurin haihuwa ba ta da sararin kula da cutar mutum huɗu cikin dubu ɗari. Maganar tana da ƙamshin gaskiya idan ana nufin gina cibiya ta musamman ko gwada jinin kowa. Amma abin da MCTD ke nema ya fi haka araha, kuma amfaninsa bai tsaya a kanta ba. Tambayoyin da ke tono ta, wato ko yatsu suna mutuwa a sanyi, ko hannu yana kumbura da safe, ko tashi daga zaune yana wahala, ko haki ya ƙaru, su ne dai ke tono lufus da sikileroderma da amosanin gaɓɓai, waɗanda idan aka haɗa su ba 'yan kaɗan ba ne. Tambaya ba ta cin ko kwabo. Na'urar eko kuwa tana nan a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Abin da ya rage shi ne likitan farko ya yi zargin, ya tura majinyaci wurin ƙwararre, sannan inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowa a Najeriya, ta ɗauki gwajin antibodi da awon huhu da zuciya a matsayin buƙata ta yau da kullum ga masu irin waɗannan cututtuka.

Ga wanda aka riga aka gaya wa yana da MCTD, ko yake da mai ita a gida, alƙaluman suna ba da dalilin kwanciyar hankali: mafi yawan majinyata suna rayuwa shekaru masu yawa, suna aiki, suna riƙe iyali. Sharaɗin shi ne kada lafawar ciwon hannu ta zama sallama da asibiti. Tambayar da ta kamata a riƙa yi wa likita a kowace ziyara ita ce yaushe aka duba huhu da zuciya na ƙarshe, kuma yaushe za a sake dubawa.